Telan da Ya Ƙi Yanka Yadi

Kowa a layinmu ya san bakina ba ya jiran kaina ya gama tunani. Na faɗa wa mutane maganganu da dama waɗanda na yi nadamarsu daga baya, amma babu wadda ta kai wadda na faɗa wa Baba Tela, tsohon nan mai shago a ƙarƙashin benen da ke kallon tashar mota. A gaban jama'a na wanke shi tas, kuma laifinsa ɗaya ne, ya ƙi sa almakashi a yadin mijina.

Mijina kafinta ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana tsaye a gaban injin tsaga katako, a wata rumfa mai rufin kwano inda suke aiki shi da ƙaninsa. Tun ina amarya siriri ne, irin mutanen nan da ko me suka ci ba ya zama a jikinsu. Dangina sun sha yi mini tsiya a kansa, wai ko dai rowar abinci nake masa. Saboda haka da tumbi ya fara fito masa a shekarar da ya cika hamsin, babu wanda ya kai ni murna. Na ce to, yau ga shaidar girkina ta fito fili, masu surutu sai su nemi wani zancen. Ƙaninsa ya laƙaba masa suna Manaja. 'Yarmu kuwa in ta zo gida ranar hutu sai ta ɗan doki cikin da bayan hannu ta ce, "Baba, wata nawa ne?" Mu yi ta dariya har da shi.

Ita 'yar tamu ce ta kawo yadin. Ta samu aikin koyarwa, da aka ba ta albashin farko sai ta sayo wa ubanta yadi ruwan toka mai laushi, ta ce a ɗinka masa riga mai maɓallai da wando, ya sa ya zo makarantarsu ya ga ajinta. Ya shafa yadin ya fi sau goma kafin ya mayar da shi leda. Washegari ya kai wa Baba Tela, wanda shi ke masa ɗinki tun kafin aurenmu. Da yamma sai ga shi ya dawo da ledar a hammata, yadin yadda ya tafi.

"Ya ce ba zai yanka ba," in ji shi.

"Ba zai yanka ba kamar yaya? Almakashinsa ne ya ɓata?"

"Wai sai na je likita ya duba ni tukuna."

"Likita? Kai me ka ce masa?"

"Na ce masa kanta ce. Ya ƙi ji."

Ya ɗaga riga ya nuna mini wurin, ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, ya ƙwanƙwasa da yatsa kamar mai gwada ƙofa. A nan yake dafa ƙarshen katako yana tura shi cikin inji. A ganinsa, yadda tafin hannunsa ya yi kanta saboda guduma, haka cikinsa ma ya yi tauri saboda katako, kuma har alfahari yake da abin. Ni kuwa na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don bayanin ya yi mini daidai da abin da nake son ji.

Da safe na ɗauki ledar na nufi tasha, raina a ɓace. Shagon Baba Tela ɗan tsukukun wuri ne, keken ɗinki mai feda a bakin ƙofa, teburin yanka a ciki, benci guda na masu jira. A bango kuwa ƙusoshi ne jere, kowace an rataye mata kwalaye da aka yanka a siffar gaban riga da baya da hannu, ko wanne da sunan mai shi. Ba ya yar da awon mutum ko na shekara nawa ne. Na tarar da mutum uku a bencin, ban ma tsaya gaisuwar kirki ba.

"Baba Tela, ashe asibiti ka buɗe ba mu da labari?"

Ya ɗago, ya zare allurar da ke bakinsa ya soke a gaban rigarsa. "Sannu da zuwa, 'yata. Zauna in nuna miki wani abu."

Ban zauna ba. Ya miƙe a hankali ya sauko da kwalayen mijina ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora takardar awon jiya a gefe.

"Yawancin teloli zagaya tef suke yi a ciki, su karanta lamba ɗaya," ya ce. "Wanda ya koya mini ɗinki bai yarda da haka ba. Daga tsakiyar baya zuwa cibiya ta dama, sannan daga tsakiyar baya zuwa cibiya ta hagu. Sau biyu nake aunawa. Mijinki hagunsa ya fi damansa da inci uku. Wuyansa ya ragu da inci guda, dantsensa ma ya ragu. Mai ƙiba wuyansa ke fara cika, 'yata. Kuma da na ɗora tef a wurin, abin da hannuna ya taɓa ba kitse ba ne. Kitse yana lotsawa."

Da ina da hankali a ranar, da nan na ja bakina na tsuke. Amma ni abin da na ji kawai shi ne wani tsoho yana ƙwace mini abin da na shekara ashirin da shida ina jira, kuma yana kira wa mijina cuta da bakinsa. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce in idonsa ne ya daina ganin lambobin tef ya faɗa, tsufa ba abin kunya ba ne. Na ce kar ya ɗora wa mijina ciwo don ya rufe gazawarsa. Na ce teloli sun cika gari, waɗanda ba sa duba mutum da mugun ido. Mutanen da ke benci suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya tattara kwalayensa ya mayar kan ƙusa.

"Allah ya huci zuciyarki," ya ce. "Ki zage ni yadda kike so. Ki dai kai shi."

Na kai yadin wurin wani tela mai keken lantarki a bakin kasuwa. Ya zagaya tef sau ɗaya, ya ce a dawo jibi. Ranar da mijina ya gwada rigar a gaban madubin ɗakinmu, na buɗe baki zan yaba, sai na fasa. Layin maɓallan ya taso daga wuya a miƙe, yana zuwa ciki sai ya karkata ya nufi hagu. Gefen dama ya saki, na hagu ya ɗame kamar zai yage. Kwalar kuwa ta yi masa yawa, wuyansa yana yawo a ciki.

"Wannan yaron bai iya ɗinki ba," in ji mijina.

"Haka ne," na ce. Amma a raina na san ba laifin telan ba ne.

Daga ranar na sa masa ido. Abin da na gani kuwa ya daɗe a gabana, ni ce ban duba ba. In na zuba masa abinci sai ya yi loma huɗu ko biyar ya ture kwano, ya ce ya ƙoshi, wai ya ci da yawa a wurin aiki. In ya hau matakalar gidanmu, guda tara kacal, sai ya tsaya a ta shida kamar mai neman abu a aljihu. Ya daina kwanciya ta gefen hagu. Leɓensa na ƙasa ya yi fari ta ciki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kwanon abincin rana, wanda kullum yake dawowa a side tas. Sai ranar Laraba na ce bari in kai abincin da kaina.

Ƙaninsa ne ya tare ni a bakin rumfa, dusar katako har a girarsa, ya karɓi kwanon da hannu biyu yana washe baki.

"Matar Yaya, yau da kanki? Allah ya saka. Wata shida ke nan ina cin girkinki, dubi kumatuna."

"Kai ke cinyewa?"

"Ai Manaja cokali biyu yake yi ya miƙo mini. Na ɗauka kin sani."

Na wuce ciki. Rabona da shiga rumfar tun 'yarmu tana goye. Injin yana tsakiya, tebur ne na ƙarfe, zarto mai zagaye ya leƙo ta tsakiyarsa yana juyawa da ƙarar da ke shiga har haƙori. Mijina bai gan ni ba. Ya ɗauko dogon katako ya ɗora kansa a bakin zarton, ya kafa ƙarshen a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, daidai wurin nan, ya jingina da duk nauyinsa yana turawa. Katakon ya tafi rabi, sai zarton ya ci karo da gaɓa, katakon ya yi baya da ƙarfi ya doke shi. Ya dunƙule, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a kafaɗar hagu, ya daɗe a haka bakinsa a buɗe. Sannan ya miƙe ya goge zufa ya sake kafa katakon a wurin.

"Kullum sai ya yi masa haka sau biyu ko uku," in ji ƙaninsa a bayana. "Ya saba."

Da ya dawo gida na ce gobe sai asibiti. Ya ce ba inda za shi, suna da teburan ɗalibai hamsin da wata makaranta ke jira kafin a dawo daga hutu, in an gama sai a yi maganar. Na yi lallashi, ya yi kunnen uwar shegu. Na yi faɗa, ko a jikinsa, ya saba da faɗana kamar yadda ya saba da ƙarar injinsa. Da gari ya waye sai ya nemi takalmansa ya rasa, ƙafa uku duk na kulle su a akwati, makullin yana ɗaure a bakin zanina. Na kuma kira 'yarmu, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Kallonsa kawai take yi.

"Sarkin faɗa, kin yi nasara," ya ce. "Ba ni takalmina. Za ku ji da kunnenku likita ya ce kanta ce."

Mun yanki kati, mun zauna a benci tun hantsi har rana ta take. Likitar da muka samu mace ce mai tabarau, ba za ta girmi 'yarmu da yawa ba. Ta sa ya kwanta ya lanƙwasa gwiwoyi, ta ɗumama hannunta, sannan ta fara danna cikin daga can ƙasa ta dama. Bakin nan nawa bai haƙura ba.

"Likita, ta hagu ne, can sama."

"Na sani, Mama. Ina so in ji inda ya tsaya ne."

Ta ce ya riƙa jan numfashi sosai. Tana matsowa a hankali, yana ja yana saki, sai kusa da cibiya hannunta ya tsaya. Ta ɗauki biro ta zana layi a fatarsa, ta bi gefen abin har zuwa haƙarƙari. Da na ga faɗin abin da ta zana, sai na nemi kujera na zauna.

"Baba, wannan ba kanta ba ce," ta ce. "Saifarka ce ta kumbura. A jikin mai lafiya ba ta wuce dunƙulen hannu ba, tana ɓoye a bayan haƙarƙari, hannu ma ba ya jin ta. Taka ta sauko har nan."

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Aikin saifa tace jini ne. In ta kumbura sai ta danne tumbin abinci, shi ya sa loma kaɗan ke ƙosar da shi. Tana kuma riƙe jini fiye da ƙima, shi ya sa yake haki a matakala, leɓensa ya yi fari. Amma abin da ya fi damun ta shi ne, saifar da ta kai haka ba ta da kariyar ƙashi, kuma ta zama kamar leda da aka cika da ruwa. Bugu ɗaya mai kyau zai iya fasa ta, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani, mutum yana tsaye yana cewa ba komai har ya faɗi.

"Wane aiki kake yi, Baba?"

Ya ce kafinta ne. Ta ce ya nuna mata yadda yake aikin. Bawan Allah ya sauko daga gado, ya karɓi lemata, ya kafa ƙarshenta a tsakiyar zanen biron nan, ya jingina yana nuna mata yadda ake tura katako, har da kwaikwayon yadda yake dawowa ya doke shi. Likitar ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"Yaushe rabonka da yin haka?"

"Jiya da yamma."

Ta mayar da tabaranta. Sannan ta ce, "Baba, ka gode wa Allah da ƙafarka ka shigo ɗakin nan."

Sai na ji sheshsheka a bayana. 'Yarmu ce, ta riƙe bayan hannunta na dama da na hagu, hannun da take dukan cikin da shi tana wasa. Uban ya ce mata, "Haba, ke kuma, dukan naki ai ko sauro ba zai kashe ba." Ya yi dariya shi kaɗai, muryarsa ba daidai ba.

An ɗebi jini, an ɗauki hoton ciki, muka yi kwana huɗu muna jiran sakamako. A kwanakin nan na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, don likitar ta gaya mana abubuwa da yawa ne ke kumbura saifa, wasu na hanta, wasu na jini, wasu ba na son ko maimaita sunansu. Da muka koma ta ce namu da sauƙi. Zazzaɓin cizon sauro ne da ya yi ta kama shi shekara da shekaru, shi kuma ya sha ƙwaya kwana biyu, da ya ji dama-dama ya watsar ya koma rumfa. Saifar ta yi ta fama har ta kumbura. Ta rubuta maganin da zai sha na watanni ba fashi, da na ƙarin jini, ta ce ya riƙa kwana a gidan sauro, ya dawo duk wata. Inji kuwa, da ɗaukar kaya mai nauyi, da duk abin da zai taɓa cikin nan, ta ce ya manta da su sai ta ba da izini.

Wanda bai taɓa zama da kafintan da aka hana aiki ba bai san fitina ba. A kwana uku ya ɗaure ƙafar kowace kujera a gidan, ya gyara ƙofar bayi wadda ba abin da ya same ta, ya fara duban gadonmu da wani irin ido. Yana zaune yana ƙirga kwanakin da suka rage a koma makaranta. Ƙaninsa yana iya ƙoƙarinsa, amma hannu biyu ba za su yi aikin huɗu ba. A kwana na tara ya ce za shi aski. Na dube shi, kan nan ko sati bai yi da aski ba. Na bar shi ya fita, na yafa mayafi na bi bayansa.

Tun daga bakin layi na ji ƙarar injin. Na shiga na same shi a gabansa, cikinsa ya yi wani irin tudu a ƙarƙashin riga. Filon kujerarmu ne ya ɗaure da bel. Yana ganina ya kashe injin, ya fara bayani tun ban tambaya ba.

"Na kare wurin, duba ki gani. Guda goma kawai zan tsaga masa in dawo. Mutanen nan sun yarda da ni, ban taɓa saɓa alkawarin aiki ba."

Na buɗe baki in yi abin da na saba, sai na ji babu komai a ciki. Karo na farko a rayuwata faɗa ya ƙi zuwa. Tsoro ne kawai. Na ajiye jakata a kan dusar katako, na zagaya na karɓi katakon daga hannunsa, na kafa ƙarshensa a ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu yadda na ga yana yi. Na dubi ƙaninsa.

"Kunna."

"Matar Yaya..."

"Kunna mana. Ai ba komai ba ne, ko? Ni tawa saifar ma lafiyarta lau. Guda goma kawai zan tsaga."

Mijina ya riƙe katakon ya janye shi daga jikina da sauri. "Ke, kin san abin da wannan ke yi in ya dawo?"

"Na sani. Na gani da idona. Kai ne ba ka sani ba."

Muka tsaya muna kallon juna, hawaye yana zubo mini, ban share ba. Can sai ya sunkuyar da kai, ya kwance bel ɗin, filon ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya kakkaɓe ya miƙo mini, ya je ya zauna a kan wani ɗan benci a bakin rumfa.

"To in zauna a nan in riƙa auna masa ina zanawa da fensir," ya ce a hankali. "Wannan ma an hana?"

"Wannan ba a hana ba."

Haka aka yi. Yana zaune yana awo, ƙaninsa yana tsagawa. Da ya zauna yana kallo daga gefe ne ma ya ga yadda abin yake da ban tsoro, don ƙanin ma da ciki yake turawa, a wurinsa ya koya. Kafin sati ya ƙare ya ƙera wani ɗan katako mai mariƙi da ake tura aiki da shi daga gefe, ya kafa doka cewa duk wanda ya sake kafa katako a cikinsa a rumfar nan sai ya bar ta. Teburan sun makara da sati biyu. Ya je da kansa ya ba da haƙuri, shugabar makarantar ta ce ya je ya ji da lafiyarsa, yara sun zauna uku-uku kuma ba wanda ya mutu.

Duk wata likitar tana zana sabon layi da biro, duk wata layin yana ja da baya zuwa haƙarƙari. A wata na uku ya cinye kwano guda na shinkafa ya ce ko da saura, na shiga kicin na yi kukana na fito. A wata na bakwai ta danna, ta sa ya ja numfashi, ta sake dannawa, ta ce da ƙyar take jin bakinta. Ta ce ya ci gaba da magani, zai iya komawa aiki a hankali. Tana rubutu sai ta tambaya, "Wai wa ya fara lura da abin nan? Irin wannan da yawa sai an kawo su ranga-ranga muke ganinsu."

"Telansa ne," na ce, ina kallon ƙasa.

"Tela? To ku gaishe shi da kyau. Ya yi aikin da ya fi nawa."

Wata bakwai ke nan ina zagaye tashar mota ta bayan kasuwa, hanyar da ta ninka tsawo, don kada in bi ta gaban shagon nan. Kunya ce, ba wani abu ba. Ranar dai daga asibiti na ce wa mijina ya wuce gida, ni ina da inda zan biya. Na so a ce bencin a cike yake, tunda a gaban mutane na yi ɓarnar, kuma na samu yadda nake so, mutum huɗu ne a zaune. Baba Tela yana kan keke, ya ƙara tsufa a idona. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, na zo neman gafara. Abin da na faɗa maka a nan ƙarya ne, idonka ya fi na duk gidanmu gani. Saifa ce ta kumbura, likita ta ce da an ƙara jinkiri da wani zancen ake. Ka ceci mijina, ni kuma na saka maka da zagi. Ka yafe mini."

Ya tsayar da keken. "Tashi, 'yata, tashi. Ƙasan nan duk allurai ne. Ni ban riƙe ki ba ko na kwana ɗaya."

Ya matsar mini da kujera na zauna. Na gaya masa komai, da filon, da zanen biro. Ya saurara yana gyaɗa kai. Sai na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, yadda aka yi ya tsaya kai da fata haka, ya yarda ya rasa mai kawo masa ɗinki na shekara talatin, ya sha zagi, a kan inci uku.

Ya dubi kwalayen da ke rataye a bango.

"Ina da ƙane," ya ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin ina ganiyar ƙuruciya, ana yabon hannuna a ko'ina. Na auna shi na ga hagunsa ya fi damansa, kamar na mijinki. Kin san abin da na yi? Na ƙara masa yadi ta hagu, na karkatar da yankan yadda maɓallan za su sauka a miƙe. Rigar ta zauna ɗas. Shekara biyu ina masa haka, duk ɗinki ina ƙarawa, ina jin daɗin gwanintata. Ba wanda ya ga komai, ko matarsa. Wata rana ya faɗo daga keke, faɗuwar da ko gwiwarsa ba ta kurje ba. Ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya ce ba komai. Kafin la'asar ya cika."



"Da ban iya ɗinki ba, da wani ya gani," ya ce. "Ni na ɓoye shi da hannuna."

Sannan ya juyo ya tambaye ni.

"Yanzu yana cin abinci?"

"Yana ci, Baba. Har ƙari yake nema."

"Yana hawa matakala?"

"Bibbiyu yake takawa, sai na yi masa faɗa."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya sake faɗa a hankali, kamar ba da mu yake ba. Ya juya ga kekensa, ya gyara zaman rigar da ke ƙarƙashin allura, ya ɗora ƙafa a feda, amma bai taka ba. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

Na yi wa mutane godiya da yawa a rayuwata, yawanci da baki ne kawai. Ta wannan tsoho kuwa har yau ban san yadda zan gama ta ba. Na zauna a wurin ban ce uffan ba, har ya mayar da tabaransa ya ci gaba da ɗinki.